Inda Taswira Ta Yi Shiru

Mun bar Tortel da asubar Talata,
garin da titunansa katako ne a kan ruwa.
Jirgin Ermelinda ya tsufa,
sau tara ana shafa masa shuɗin fenti,
injinsa na tari kamar dattijo mai shan taba.

Baƙi shida muka ɗauka:
saurayi da budurwa daga Osaka,
likitan haƙori da matarsa marar magana,
da wasu 'yan'uwa mata biyu
da ke faɗa a kan karta tun daga tasha.
Ni ne na igiya, ni ne na shayi,
ni ne mai bokiti in teku ta murɗa ciki.

Ermelinda ba ta yarda da na'ura ba.
Launin ruwa take karantawa.
In ya koma kamar madara, ƙanƙara na kusa.
In ciyawar teku ta kwanta wuri ɗaya,
akwai dutse a ƙasa yana jiran mai gaggawa.
"Froilán, rufe baki, riƙe igiya."
Iyakar hirarmu ke nan, shekara bakwai.

Kwana uku sama ba ta ɗauke ba.
A nan ruwa ne mai gida,
rana ce baƙuwa, takan leƙo ta wuce.
Safa ba ta bushewa, burodi ya yi laushi,
gishiri ya dunƙule a kwalba.

Ran na huɗu hazo ya yaye,
sai ga bangon ƙanƙara, ya fi coci tsawo,
shuɗi irin wanda ba a sayarwa a kanti.
Ya yi ƙara kamar an harba bindiga,
wani ɓangare ya ɓalle, ya nutse, ya taso,
igiyar ruwan ta ɗaga mu kamar ɓawon gyaɗa.
'Yan'uwan nan suka riƙe hannun juna,
karta ta watse, ba wadda ta tsince.

Da yamma muka fake a wani lungu
da taswira ba ta ba shi suna ba.
Na kai su gaɓa a ƙaramin kwalekwale.
Likita ya buɗe hannuwa, ya cika ƙirji,
ya ce, "Ƙafar mutum ba ta taɓa taka nan ba!"

Na dubi abin da yake tsaye a kai.
Tudu ne, gansakuka ta lulluɓe shi.
Na sa tsinin takalmi na kankare:
ɓawon kawa, ɓawon kawa, toka,
ƙashin tsuntsu da wuta ta lasa.
Murhu ne, bawan Allah.
A kan ragowar abincin mutane kake tsaye.

Kakata Audolía a kwalekwale aka haife ta,
wuta na ci a tsakiya bisa yumɓu,
uwa na tuƙi, uba na riƙe da mashi.
Kowane lungu a nan ta san sunansa,
ta sha faɗa mini ina yaro,
ni kuwa hankalina na wajen ƙwallo.

Ban ce masa komai ba.
Mai ɗaukar kuɗin tafiya ba ya gyara wa baƙo zance.
Amma matarsa ta durƙusa,
ta ɗauki ɓawo ɗaya, ta juya shi a tafi,
ta dube ni, ta daɗe,
sannan ta mayar da shi daidai gurbinsa,
ta ja gansakuka ta rufe.

Cikin dare ina wanke kofuna,
Ermelinda na rubutu a littafin jirgi.
Ba ta ɗago ba ta ce, "Me zan kira wurin nan?"
Na yi ta lalube a kaina.
Farkon sunan ya zo har bakin harshe,
sauran ya tafi da tsohuwa.

Ta jira ni.
Ƙanƙara na ƙwanƙwasa jikin jirgi a hankali.
Ta bar layin babu komai, ta hure fitila.